Babu Mugun Iri: Asalin Mugunta da Halin Ɗan Adam a Mahangar Kiristanci

Gabatarwa

Bahaushe yana da hukunci iri biyu a kan ɗan Adam, kuma ba kasafai suke shan inuwa ɗaya ba. Idan ya ga wanda aka yi wa faɗa har aka gaji bai daina ba, sai ya ce hali zanen dutse ne. Idan kuma ya ga uba yana sakaci da tarbiyyar ɗansa, sai ya tuna masa cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maganar farko ta ɗauka cewa an gama rubuta mutum tun kafin ya zo duniya, ta biyu kuwa ta ɗauka cewa da sauran aiki a kansa. A tsakaninsu akwai tsohuwar tambayar da kowane addini ya yi fama da ita: daga ina mugunta ta fito, kuma a wane ɓangare na mutum ta yi sheƙa?

Sassan nazarin Hausa na jami'o'in Nijeriya da Nijar sun yi aiki mai yawa a kan amsar da Musulunci ya bayar, musamman ta cikin waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19, da kuma amsar gargajiya ta fuskar bori da maita da camfi. Amsar Kiristanci ba ta sami irin wannan kulawa ba, alhali miliyoyin mutane, daga Wusasa zuwa Kagoro da Jos da Numan da Garkida, har Maraɗi da Galmi a Nijar, da Hausa suke addu'a, da ita suke karanta Littafi Mai Tsarki, da ita ake yi musu wa'azi. Ra'ayin da wannan maƙala ke karewa shi ne, koyarwar Kiristanci a kan mugunta, in aka bi ta zuwa tushenta, tana rushe tunanin nan na cewa akwai mugun iri a cikin mutane. Sai dai kalmomin Hausa da aka ɗora wa koyarwar suna ɗauke da nasu kaya, kuma suna iya karkatar da ita har ta koma kishiyar kanta. Gano inda karkatar take aikin manazarta harshe ne, kamar yadda yake aikin malaman tauhidi.

Matsalar mai kaɗaita Allah

Wanda ya yarda da alloli biyu, ɗaya na alheri ɗaya na sharri, ba shi da damuwa a nan, domin duk abin da ya ɓaci sai ya jingina shi ga na biyun. Matsalar ta mai kaɗaita Allah ce. Idan Mahalicci ɗaya ne, mai iko a kan kome, kuma nagari ne tsantsa, wa ya shigo da zalunci da cuta da mutuwa cikin halittarsa? In ya so ya hana bai iya ba, ikonsa ya tawaya. In ya iya bai so ba, nagartarsa ta shiga tuhuma. Masanin falsafa J. L. Mackie ya sake wasa wannan ƙalubale a 1955, amma tsufansa ya wuce na Kiristanci kansa.

Kirista yakan fara neman amsa a surorin farko na Littafin Farawa. Sura ta 1 ta yi ta nanata cewa abin da aka halitta mai kyau ne, ta kuma ce an yi mutum, namiji da mace, cikin kamannin Allah. Sai a sura ta 3 aka ga ɓaci ya shigo, da Adamu da Hauwa'u suka ci daga itacen da aka hana su. Abubuwa biyu sun cancanci lura a labarin. Na farko, nassin bai faɗi inda macijin ya samo yaudararsa ba, bai ma kira shi Shaiɗan ba. Littattafan baya ne, irin su Wahayin Yahaya, suka haɗa su. Na biyu, inda labarin ya fi tsayawa shi ne abin da ya biyo bayan laifin. Da aka tambayi mijin sai ya nuna matar, har ya shafa wa Wanda ya ba shi ita. Da aka tambayi matar sai ta nuna macijin. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani. A sura ta 4 kuma, jinin farko da aka zubar a doron ƙasa na ɗan'uwa ne ciki ɗaya, Kayinu ya kashe Habila, kuma musabbabin kisan ya taso ne daga wurin ibada. Ke nan tun daga shafukan farko, littafin ya ƙi yarda a kai mugunta can nesa, wajen baƙo ko wajen dodo. A cikin gida ya ajiye ta.

Agustin da ɓarakar riga

Mutumin da ya fi kowa tsara wannan tunani a Kiristancin Yamma ɗan Afirka ne. An haifi Agustin a 354 a Tagaste, garin da ake kira Suk Ahras a gabashin Aljeriya ta yau, ya rasu a 430 yana bishop na Hippo, wato Annaba. Kafin a yi masa baftisma a Milan a 387, ya shafe kimanin shekara tara yana bin addinin Mani, wani mai da'awar annabci da ya bayyana a ƙasar Iraƙi ta yanzu a ƙarni na 3. Mani ya koyar da cewa haske da duhu mulkoki ne biyu da ba su da farko, kuma jikin mutum kurkuku ne da duhu ya gina ya kulle ɓurɓushin haske a ciki. Agustin da kansa ya bayyana, a littafinsa na ikirari mai suna Confessiones, cewa abin da ya riƙe shi a wannan aƙida shi ne ta wanke shi: duk ɓarnar da ya yi, wata halitta ce daban a cikinsa ta yi, shi ba ruwansa.

Da ya bar ta, sai ya gina amsarsa a kan ginshiƙai biyu. Na farko, duk abin da yake akwai Allah ne ya yi shi, saboda haka yana da rabonsa na kyau. Mugunta kuwa ba ta cikin jerin halittu, tawaya ce a jikin abin da yake mai kyau. Ana iya kwatanta ta da ɓaraka a riga. Masaƙi bai saƙa ɓaraka ba, ba a kuma kasa ta ita kaɗai a kasuwa. Sai da riga take samuwa, kuma ranar da rigar ta ƙare ƙurmus, ɓarakar ma ta ƙare. A wannan ma'auni, hatta Shaiɗan halittarsa mai kyau ce, girman kai ne ya ɓata shi, don haka ba kishiyar Allah ba ne, bawa ne da ya yi tawaye.

Ginshiƙi na biyu shi ne, ɓarakar a cikin nufi take farawa. Ɓarawo dukiya yake so, dukiya kuwa ba mugun abu ba ce. Azzalumin sarki iko yake so, iko ma haka. Ɓacin yana cikin jeri ne, wato a ɗora ƙaramin alheri a bisa babba, a so kai fiye da maƙwabci, a so kyauta fiye da Mai bayarwa. Hausa tana da kalmar da ta kama wannan daidai, son zuciya, kuma ta riga ta yanke masa hukunci da ta ce son zuciya ɓacin zuciya.

Agustin ya ba da misali da kansa. Yana ɗan shekara 16, shi da abokansa suka shiga gonar wani da dare suka kakkaɓe 'ya'yan itace, ba don yunwa ba, domin akwai waɗanda suka fi su a gidansu, suka ɗan taɓa kaɗan suka watsa wa aladu sauran. Abin da ya dame shi bayan shekaru masu yawa shi ne babu riba a satar, daɗin ƙetare haddi kawai suka bi. Ya kuma lura cewa da shi kaɗai ne da bai yi ba. Duk wanda ya yi nazarin yadda taron matasa ke rikiɗa ya zama gungun masu ƙone-ƙone a cikin sa'a guda zai ga cewa wannan lura ba ta tsufa ba.

Rigimar Pelajiyus da kalmomi biyu na Girkanci

In mugunta daga zaɓi take, me ya sa ba a taɓa samun al'ummar da ta zaɓi alheri zalla ba? A nan Agustin ya yi karo da Pelajiyus, wani mai gudun duniya daga Birtaniya da ke koyarwa a Roma. Pelajiyus ya ga yadda masu kuɗin birnin ke fakewa da raunin ɗan Adam suna sheƙe ayarsu, sai ya ce kowane jariri yana zuwa ne kamar yadda Adamu ya zo kafin laifi, kuma abin da aka samu daga Adamu mugun misali ne kurum. Tunda Allah ya yi umarni, in ji shi, lalle mutum yana iyawa. Agustin ya amsa cewa raunin ya fi koyi zurfi. Mutum yana zuwa ne da nufi a karkace, yana ganin daidai yana aikata akasinsa, kamar yadda Bulus ya kwatanta a sura ta 7 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, kuma ba ya miƙewa sai da taimako daga wajensa, wanda Kiristan Hausa ke kira alherin Allah. Majalisar Kartaj ta 418 ta goyi bayan Agustin, koyarwar zunubin asali ta kafu a Yamma.

Akwai wani abu a wannan rigima da ya kamata ya ja hankalin mai nazarin fassara. Agustin bai ƙware a Girkanci ba, da tsohuwar fassarar Latin yake aiki. A Romawa 5:12 akwai wasu ƙananan kalmomi biyu na Girkanci waɗanda fassarar Latin ta ba su ma'anar cewa a cikin Adamu ne kowa ya yi zunubi, alhali mafi yawan masu fassara na yau suna ɗaukar su da ma'anar dalili, wato mutuwa ta game kowa saboda kowa ya yi zunubi. Ikilisiyoyin Gabas, da ke karanta nassin da Girkanci kai tsaye, sun tsaya a kan cewa mutuwa da rauni aka gada daga Adamu, ban da alhakin laifinsa. Tun kafin Agustin ma, Ireniyus na Liyon, a ƙarni na 2, ya ɗauki Adamu a matsayin yaro da bai gama girma ba, wanda ya yi tuntuɓe a farkon tafiya. Saboda haka mahangar Kirista ba murya ɗaya ba ce. Abin da ya haɗa su shi ne ƙa'idoji biyu: halittar mutum mai kyau ce, kuma ɓacin da ya same ta bai tsallake kowa ba. In kalmomi biyu sun iya raba Gabas da Yamma haka, ba ƙaramin abu ba ne a tambayi abin da ya faru da aka zuba koyarwar cikin Hausa.

Da aka zuba ta cikin Hausa

J. F. Schön, Bajamushen da ya yi wa ƙungiyar CMS aiki, ya fara fitar da sassan Littafi Mai Tsarki da Hausa a shekarun 1850, da taimakon Dorugu, yaron da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai. Cikakken littafin ya fito a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya yi wa jagora, sannan wata sabuwar fassara ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1970. Masu fassarar sun tarar da harshen da ya daɗe yana cuɗanya da Musulunci, don haka kusan duk kalmomin da suke buƙata, irin su zunubi da tuba da Shaiɗan da Iblis da aljanu da alheri, daga Larabci suka shigo, kowace da tarihinta. Huɗu daga cikin kalmomin da koyarwar ta hau kansu sun isa misali.

Ta farko zunubi. A bakin Bahaushe Musulmi, zunubi aiki ne da ake ƙirgawa, mala'iku su rubuta, tuba ta shafe, kuma kishiyarsa lada. A wasiƙun Bulus kuwa, sau da yawa zunubi wani iko ne da ke mulkin mutum kamar ubangida da bawansa. Idan aka ce wa Musulmi jariri yana da zunubin asali, abin da zai ji shi ne an rubuta wa wanda bai yi kome ba laifi, kuma dole ya ƙi, domin addininsa ya koyar da cewa a kan fiɗira ake haihuwar kowa, an karɓi tubar Annabi Adamu kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, kuma ba mai ɗaukar kayan laifin wani. Saɓanin da ke tsakanin addinan biyu a nan na gaske ne, amma wani kaso na zafin muhawarar ya samo asali ne daga ma'anoni biyu da ke zaune a kalma ɗaya ba tare da masu muhawarar sun ankara ba.

Ta biyu Shaiɗan. Kowa ya san abin da wanda aka kama dumu-dumu yakan ce a gaban alƙali ko mai unguwa: sharrin Shaiɗan ne. Wannan ita ce amsar Hauwa'u, kuma ita ce aƙidar Mani da Agustin ya gudo daga gare ta. Birgit Meyer ta nuna, a nazarinta na 1999 kan Kiristocin Ewe na Ghana, yadda masu mishan suka mai da allolin gargajiya rundunar Shaiɗan, sai ya zamana maimakon su ɓace, sun sami sabon matsuguni a cikin coci. Irin wannan tambaya tana jiran mai bincike a ƙasar Hausa, inda kalmar aljanu ta Littafi Mai Tsarki ta sauka a kan duniyar iskoki da Joseph Greenberg ya bayyana a nazarinsa na 1946 kan Maguzawan Kano. Inda wa'azi ya koma korar aljanu daga farko har ƙarshe, an mayar da mugunta waje ke nan, alhali a sura ta 7 ta Bisharar Markus, Yesu ya ce daga cikin zuciya ƙazantar mutum take fitowa.

Ta uku ita ce yadda aka fassara kalmar Girkanci da Bulus ke amfani da ita wajen nuna ɓangaren mutum mai tawaye. Ma'anarta ta zahiri nama ko jiki. In aka ce jiki, mai sauraro zai ɗauka tsoka da jini ne abin zargi, wanda shi ne ra'ayin Mani. Fassarar ƙarshen shekarun 1970 ta kauce wa wannan rami ta zaɓi halin mutuntaka. Sai dai a Hausar yau da kullum mutuntaka yabo ce, ana cewa wane ya nuna mutuntaka in ya yi tausayi ko ya kare mutuncin wani. Ga hali kuma, wanda aka ce zanen dutse ne. Haɗuwar kalmomin biyu tana iya sa a fahimci cewa kasancewa mutum ita ce cutar, kuma ba ta da magani, alhali koyarwar tana cewa mutuntaka ita ce rigar, zunubi ne ɓarakar. A. H. M. Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya nuna cewa a cikin hali Bahaushe ke ajiye kirki, ya kuma lissafa siffofi irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da adalci. Tauhidin Kirista ba ya ƙaryata waɗannan. Majalisar Tarent ta cocin Katolika, a zamanta na 1546 da 1547, ta ce zaɓin mutum ya raunana amma bai mutu ba. Hatta mabiya Kalbin, da suka fi tsanantawa, abin da suke nufi shi ne babu ɓangaren mutum da ɓacin bai taɓa ba, ba wai kowa ya kai maƙura a mugunta ba.

Ta huɗu, wadda ta fi sauran haɗari, ita ce gado. Sau da yawa akan bayyana zunubin asali da cewa zunubi ne na gado. Amma aikin gado a al'adar Hausa shi ne rarrabe gidaje: wannan gidan ƙira ne, wancan na fawa, wancan na sarauta. Mugun abu ma haka ake ɗaukarsa. Maita, a camfin Bahaushe, a nonon uwa ake shanta in ba saye aka yi ba, kuma gidan da aka laƙaba wa ita yakan daɗe 'ya'yansa mata ba su sami manema ba. Binciken asali kafin aure yakan bi diddigin maita da kuturta da hauka da sata da bauta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gadon da Agustin ke nufi kuwa aikinsa akasin wannan ne, domin daga uba ɗaya ya fito, kuma ya shiga kowane gida daidai wa daida, na sarki da na bawa, na bishop da na wanda bai taɓa shiga coci ba. Gado ne da ba ya ware kowa. In aka ji shi da kunnen al'ada, sai ya koma abin da ake ji a wasu majami'u a yau da sunan la'anar kakanni, inda ake gaya wa mai ciwo ko marar haihuwa cewa danginsa ne ke da tabo. Masu wannan wa'azi sukan kafa hujja da sura ta 20 ta Littafin Fitowa, wadda ta yi zancen alhakin iyaye yana bin zuriya. Amma sura ta 18 ta Ezekiyel ta soke karin maganar Isra'ilawa mai cewa 'ya'ya ne ke biyan bashin laifin iyaye, kuma a sura ta 9 ta Bisharar Yahaya, da almajirai suka tambaya ko laifin wa ya sa aka haifi wani makaho, nasa ko na iyayensa, Yesu ya ƙi duka biyun.

Inda koyarwar take da rauni

Adalci ne a faɗi abin da ake sukar wannan mahanga da shi. Suka ta farko ita ce, kiran mugunta tawaya kamar raina azabar wanda aka zalunta ne; uwar da aka kashe wa ɗa ba rashin wani abu ta gani ba, mutum ta gani da makami. Amsar ita ce yunwa ma rashin abinci ce, amma tana kisa, kuma waɗanda suka ga farin 1973 a Sahel ba za su kira ta ƙaramin abu ba. Cewa mugunta ba ta da tushe nata na kanta bai rage mata nauyi ba, ya dai hana ta zama madawwamiya.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi. Agustin ya bi hujjarsa har ya yanke cewa jariran da suka mutu ba baftisma ba za su shiga Mulkin Allah ba, kuma Yuliyan na Eklanum ya tuhume shi da jingina wa Allah zalunci. Yuliyan yana da gaskiya a nan, kuma cocin Katolika kanta, a wata takarda da hukumar malaman tauhidinta ta fitar a 2007, ta ce akwai dalilin sa zuciya ga ceton irin waɗannan jarirai. Haka nan, mutumin da ya fi kowa sanin karkatar zuciya shi ne ya goyi bayan a yi amfani da ƙarfin hukuma a kan 'yan ɗariƙar Donatus a Arewacin Afirka. Sanin cuta bai hana likita kamuwa da ita ba.

Suka ta uku ita ce, zaɓin mutum bai bayyana girgizar ƙasa ko cutar da ke kashe jinjiri ba. Alvin Plantinga ya nuna a 1974 cewa babu karo na dole a hankalce tsakanin samuwar Allah da samuwar mugunta, John Hick kuma a 1966 ya farfaɗo da tunanin Ireniyus na cewa duniya makarantar girma ce. Duk da haka Littafin Ayuba ya ƙare ba tare da an gaya wa Ayuba dalilin wahalarsa ba, kuma abokansa da suka dage cewa lalle ya yi wani laifi, su aka tsawata wa. Kiristanci a nan ba shi da cikakken bayani. Abin da yake miƙawa shi ne gicciye, wato imanin cewa Allah ya shiga cikin wahalar da kansa.

Abin da ke kan faifai

Wannan muhawara ba ta tsaya a ɗakin karatu ba. Daga Kafanchan a 1987 zuwa Zangon Kataf a 1992, da Kaduna a 2000, da Jos a 2001, kowane rikici ya bar wasu kalmomi a bakin mutane: mugun iri, jininsu ne, haka suke tun asali. Kowane ɓangare yana faɗinsu a kan ɗayan, kuma da Hausa ake faɗi. Wanda ya furta su ya raba 'yan Adam gida biyu, na haske da na duhu, ya sa kansa a na farko, ya zama almajirin Mani ko da bai taɓa jin sunansa ba. Kiristan da ya ɗauki koyarwar cocinsa da gaske ba shi da izinin wannan magana ta kowace fuska. Ba zai ce wancan mugu ne tsantsa ba, domin kamannin Allah bai goge daga kowa ba. Ba zai kuma ce nasa mutanen tsarkaka ne ba, domin ɓarakar tana jikin tasa rigar. Ruwanda, ƙasar da mafi yawan mutanenta Kirista ne, ta tabbatar da haka a 1994, lokacin da aka yi kisan gilla a cikin majami'u kamar na Ntarama da Nyarubuye.

Ɗaya gefen ma yana da shaidu. A watan Yunin 2018, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ya ɓoye mutum sama da 200, mafi yawansu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya ƙi miƙa su. Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannu a rikicin 1992, da Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan'uwa a rikicin, sun taɓa jagorantar matasa masu gaba da juna, daga baya suka kafa cibiyar sulhu a Kaduna. Da hali zanen dutse ne ta kowace fuska, da ba a ga wannan ba.

Kammalawa

Amsar Kiristanci ga tambayar asalin mugunta ba ta warware kome da kome ba, kuma manyan malamanta sun yarda da haka. Abin da ta tsaya a kai shi ne, mugunta ba halitta ba ce, ba ta da ƙabila, ba ta da gida na musamman; ɓaci ne da ke farawa a nufin mutum, ya game kowa, kuma yana karɓar gyara. Ko mai nazari ya yarda da wannan ko bai yarda ba, ya kamata ya san shi yadda masu shi suka tsara shi, sannan ya bi sawun abin da Hausa ta yi da shi. Kayan aikin suna nan a ƙasa: fassarorin Littafi Mai Tsarki daga na Schön zuwa na yau, da littattafan waƙoƙin coci, da littattafan koyar da masu shirin baftisma, da wa'azin da ake yi kowace Lahadi a ECWA da COCIN da EYN da HEKAN da cocin Katolika. Kwatanta yadda kowannensu ya sarrafa zunubi da hali da gado da alheri zai nuna ko kalmomin sun riƙe amanar da aka ba su, ko kuwa sun mayar da koyarwar da ta zo daidaita gidaje ta zama sabon ma'aunin ware wasu. Sassan Hausa ne suka fi kowa cancantar yin wannan aiki, domin su ne suka san nauyin kowace kalma a kunnen mai ita.